Harafin da Ruwa Ya Cinye a Wasiƙar Baffa

Ni ce 'yar farin Inna, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Haka ake yi a gidanmu. Kakanninmu masu shanu ne da suka gaji da yawo suka zauna a wani tudu cikin fadamar Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. Suka koyi noman shinkafa, Fillanci ya gudu daga bakinmu, amma kunyar ɗan fari ta zauna daram. Goggo, yayar mahaifina Baffa, ita ta goye ni, ita ta yi mini faɗa, ita ta kai ni ɗakin miji. Inna kuwa ko kallona za ta yi sai ta faki idon mutane. Abu ɗaya ne ya haɗa jikina da nata, shi ne kitso.

Tun kafin in yi aure an san ni da kitso a garinmu, an kuma san ni da zafin hannu. Ba na musu. Kitson da ba a kama shi da kyau ba ai ɓata lokaci ne, kwana uku ya zama saƙar gizo. Mata su zo suna ciccije baki suna ce mini muguwa, in sun tashi su duba madubi su yi murmushi, bayan mako biyu su dawo. Inna ma haka take zuwa, duk Juma'a biyu, da hantsi. Gidan mijina gida uku ne tsakaninsa da namu. Ta shigo da ɗan ƙoƙon man shanu a hannu, ta gaisa da uwar mijina, ta zo ta zauna a tsakanin ƙafafuna ta juya mini baya. In tsefe, in taje, in shafa man, in tsaga, in kama. Ba ta taɓa cewa wash ba. Ni kuwa wannan sa'ar nake jira, don ita kaɗai ce sa'ar da nake da uwa a hannuna.

Da rani ne, shekara guda bayan an gama yaƙin basasa, ina da 'ya ɗaya da ta fara tafiya. Ina tsaga gashin Inna ta gefen dama, sama da kunne, sai tsinken tsagar ya hau wani abu ya sauka. Na ɗauka kulli ne na gashi. Na sa ɗan yatsa. Wani tudu ne a ƙarƙashin fata, mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi, ba ja, ba zafi. Na danna a hankali, Inna ba ta ko motsa ba. Kan nan na san shi fiye da nawa, shekara bakwai ina bin sa layi layi, kuma na rantse babu wannan tudun a da.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne daidai nan nake fara kamun farko, daidai nan na fi ja. Na kauda tsagar gefe, na kewaye wurin, na kwantar da gashi a kai na rufe. Ban ce komai ba. Wa zan gaya wa? In buɗi baki in ce wa Inna, "Ga abu a kanki"? Mu da ko gaisuwar kirki ba ma yi ido da ido? Na ce a raina ƙila ta bugu da ƙofar rumbu ne, zai saɓe. Bayan mako biyu yana nan. Bayan wata biyu ma yana nan, har na ga kamar ya ƙara faɗi.

Sai ciwon kai ya fara. Da safe yake kama ta, ta fito ɗaki da ɗankwali ɗaure tamau a goshi, wani lokaci ta zaga bayan rumbu ta yi amai. Goggo ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Wata rana tana ɗauke da ƙwaryar nono sai kawai ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta na hagu ta kife. Matar da ke ratsa laka da ƙwarya uku a ka ba ta zubar da ɗigo ba. Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani ne aka ba ta aro. Goggo ta yi mata tsiya ta ce tsufa ya yi sallama, aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar da abin ya fito fili, ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi. Na gama rabin kai, na koma ɗaya gefen, sai na ji wuyanta ya sandare a cinyata. Hannun hagun ya fara karkarwa shi kaɗai, bakinta ya karkace, idanunta suka juye. Kafin in saki gashin da ke hannuna duk jikinta ya ɗauka, tana bugun ƙasa da dunduniya, kumfa na fita. Na ƙwalla ƙara. Ban san abin da na ce ba, daga baya uwar mijina ta gaya mini "Inna, Inna" nake ta kira, ni da ban taɓa kiranta da ƙarfi a gaban mutane ba. Da ta lafa sai ta buɗe ido ta dube ni daga ƙasa, ba ta gane ni ba. Wannan kallon har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Aka ce iska ce. Aka ce ta ratsa ta gindin tsamiyar bakin tafki da tsakar rana. Kawu, ƙanen Inna, malami ne, shi ya yi ta rubutu ana wankewa tana sha. Aka yi hayaƙi, wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho a ƙeya. Ina tsaye ina kallon hannunsa yana yawo a kanta, ina addu'a ya ji tudun ya faɗa, ina kuma addu'a kada ya ji. Bai kai wurin ba, don na rufe shi da kyau. Ta sake faɗuwa sau biyu a cikin kwana goma, ƙafar hagu ma ta fara ja.

Baffa mai fataucin shanu ne. Ya sha loda su a jirgin ƙasa ya bi su har kudu, ya ga duniya, ba ya tsoron asibiti kamar sauran mazan garinmu. Wata safiya ya dubi gabas ya ce in aka ƙara mako guda ruwa zai rufe hanya, shi zai kai ta Haɗeja yau. Goggo ta ce a bari a ga ƙarshen rubutun Kawu. Baffa ya ce rubutun ya biyo su a gora.

Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune bakin ƙofa da rabin kitson nan da ya tsufa, rabi a tsefe.

"Ke," ta ce, tana kallon ƙasa, "ba zan shiga birni da rabin kai ba."

Na zauna na ƙarasa. Da na zo wurin tudun na kewaye shi kamar kullum. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Baffa na tsaye a zaure yana ɗaure wa shanu amalanke, taku goma ne tsakaninmu. Na haɗiye. Aka shimfiɗa mata tabarma a amalanken, suka kama hanya, ni kuma na tsaya da ƙoƙon man shanunta a hannu har suka shige cikin kaba.

Bayan kwana shida wani mai kifi ya kawo saƙon baka, wai a Haɗeja an ce sai Kano, sun hau jirgin ƙasa a Malam Madori. Daga nan ruwa ya zo. Wanda bai zauna a fadama ba bai san yadda yake zuwa ba. Ba ya gudu, ba ya ƙara. Ka tashi ka ga ya cika kwarin da ka bi jiya, gobe ya shafe gonar gero ta ƙasa, jibi garinku ya zama tsibiri, shinkafa ta tsaya a ruwa iya wuya, tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya sun cika ko'ina da kuka. Duk shekara muna murna da shi, don shi ne abincinmu. A wannan shekarar na tsane shi, don ya shiga tsakanina da labari.

Wata biyu ba mu ji komai ba. Ran nan da hantsi wani ɗan garinmu da ya kai busasshen kifi kudu ya dawo da wasiƙa daga hannun Baffa. Ashe daga Kano ma an tura su gaba, can wani babban asibiti inda akwai likitan da ke buɗe kai. Mutumin ya taho lafiya a jirgi, ya taho lafiya a mota, sai da ya zo mashigin ƙarshe kwale-kwalen ya tuntsure da su a wurin da bai kai ƙirji ba. Ba wanda ya ji ciwo. Amma wasiƙar tana aljihu, kuma da tawadar allo Baffa ya rubuta ta da ajami, irin tawadar da aka yi ta don a wanke.

Muka taru a tsakar gida. Kawu ya shanya takardar a kan faifai, ya tsuguna yana bin ta da ɗan yatsa. Wasu layukan sun fito, wasu sun zama gajimare. Ya karanta gaisuwa, ya karanta cewa an aske mata kai an yi aiki, an buɗe ƙashi. Mata suka ɗauki salati. Ya karanta cewa tana numfashi amma ba ta farka sosai ba, ba ta magana, a yi ta addu'a. Sai ya tsaya a wani layi ya daɗe.

"Likita ya ce abin da ya samu a kanta, wanda ya jawo duk wannan…" Ya kai takardar kusa da ido, ya mayar nesa. "Harafin kaf ya fito. Tsa ya fito. Na ƙarshen kuwa, ruwa ya cinye shi da wasalinsa. Kits… kits…"

"Kitso," in ji Goggo.

Kawu ya ɗago kai. "To, kan mace ne. Kitso ɗin ne zai zama."

Ba wanda ya juyo ya dube ni, kuma rashin juyowar ya fi mini ciwo. 'Yata na riƙe da zanina tana ja, ban iya sunkuyawa na ɗauke ta ba. Goggo ce ta fara magana, ba da ihu ba, a hankali, ita da ta goye ni.

"Na sha gaya miki ki sassauta hannun nan. Na sha gaya miki. Kai ba igiyar shanu ba ne."

Ni na san abin da su ba su sani ba. Su zato suke yi, ni kuwa na taɓa shi da yatsana, daidai inda na fi ja. Likitan da ya buɗe ƙashi ya gani da idonsa ya faɗa, Baffa ya rubuta, Kawu ya karanta. Me ya rage? Na kashe uwata da hannuna, ko ina cikin kashe ta, a wani gari da ban san ko ta ina yake ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Washegari na ga mata uku a bakin ruwa da kai a tsefe, kitson da na yi musu bai kwana biyar ba. Ɗaya ta ja ɗankwali ta rufe da ta hango ni. Ban ji haushinsu ba, ko ni ce haka zan yi. Ba wadda ta sake zuwa ta zauna a gabana, ni ma da sun zo da na gudu. Na tura tsinke da mataji cikin jinka. Na riƙa bin kan matan gari da ido, ina tuna wadda na fi ja wa, ina jiran in ji wata ta faɗi. 'Yata tana da gashi mai laushi da na fara kama mata ƙanana, na kai ta wurin wanzami ya aske shi tas, na bi kan da yatsa ina neman tudu. Mijina ya ce na haukace. Ya ce shi bai taɓa jin inda kitso ya fasa ƙashi ba. Na ce masa shi likita ne?

Na je wurin Kawu ni kaɗai na ce ya nuna mini wurin. Ban iya karatu ba a lokacin, ko alif ban sani ba. Ya nuna mini wasu ƙugiyoyi biyu, sai wani baƙin tabo a gabansu kamar inda ƙuda ya mutu. Na ce, "Kawu, ba zai zama wata kalma ba?" Ya ce shi ma ya juya ta, amma me za a samu a kan mace da ya fara da haka? Ya ce in yi istigfari, ba da gangan na yi ba. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai, ni kuwa abin da na ji shi ne har malami ya tabbatar.

Abin da ya fi cin raina a kwanakin nan shi ne kwale-kwale. Daga ƙofar gidanmu ana hango mashigi. Duk wanda ya taso daga wajen Haɗeja sai na bar abin da nake yi na tsaya. Na koyi gane labari tun daga nesa. In mai tuƙi na ɗaga murya yana tsokanar na bakin gaɓa, lafiya. In kwale-kwalen ya taho shiru, maza suka sauka ba wasa, suka nufi gidan liman kafin gidajensu, to da mutuwa a bakinsu. Sau biyu aka yi haka. Sau biyun na zauna a ƙasa ina jira a zo a gaya mini. Na farko wani tsoho ne da ya rasu a Jahun, na biyu jaririn wata 'yar garinmu. Allah Ya yafe mini, da na ji ba Inna ba ce sai da na yi ajiyar zuciya a gaban masu kuka.

Abinci ya daina shiga. Zanina ya riƙa kwancewa. Uwar mijina, mace mai baki amma mai tausayi, ta riƙa dama mini fura ta tsaya a kaina sai na sha. Goggo kuwa ta daina zancen, ta koma aiko mini da tuwo, wanda a wurinta shi ne ban haƙuri. Ban taɓa gaya wa ko ɗayansu zancen tudun ba. Shi na riƙe ni kaɗai, ina tashi da shi ina yini da shi.

Ruwa ya fara ja, shinkafa ta yi ja, aka fara yanka. Wata ranar Laraba da azahar ina sussuka sai na ji yara na ihu a mashigi. Na ɗaga kai na hango farar hular Baffa. A bayansa akwai wani abu a dunƙule cikin mayafi. Ban san ko zaune yake ko kwance ba. Na tsaya da taɓarya a hannu, na kasa gaba na kasa baya, har sai da na ga abin ya miƙe, Baffa ya kama shi, ya sa ƙafa a gaɓa.

Ta rame har ta koma kamar yarinya. Tana jan ƙafar hagu kaɗan, hannun na lanƙwashe a ƙirji. Amma da ƙafarta ta shiga gida, tana amsa sannu da muryarta. Gida ya cika. Na raɓe a bayan mata kusa da turmi, ban yarda mun haɗa ido ba.

Da aka natsa Baffa ya zauna a kan buzu ya fara ba da labari, shi da ma mai son a saurare shi ne. Ya ce likita ya kwatanta masa cewa ƙwaƙwalwa tana da tantani da ya lulluɓe ta, tsakaninta da ƙashi, shi kuwa ya ce ya sani, ya fasa kan saniya ba sau ɗaya ba. To a jikin tantanin nan ne wani ƙari ya tsiro, yana girma a hankali shekara da shekaru, yana danne ƙwaƙwalwa ta dama, shi ya sa hagu ta mutu. Har ƙashin da ke samansa ya kumbura ya yi tudu. Ba irin mai yaɗuwa ba ne, an ciro shi duka. An nuna masa a kwalba, ya kai ƙwan zabo.

"Abin da ya ba likitan mamaki," in ji Baffa, "da ya yanka sai ya ga rawaya. Ya ce irin wannan ƙarin ya saba gani, amma mai kitse a ciki ba kasafai ake samu ba, har ya kira 'yan uwansa suka zo kallo. Na ce masa ranka ya daɗe, matar da ko tsokar kirki ba ta da ita, ashe a ka take ɓoye kitsenta."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Me ka ce an samu?"

"Kitse. Ai na rubuto muku."

Kawu ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da takardar. Baffa ya karɓa ya duba tabon, ya dubi Kawu, ya dubi matan, sai idonsa ya sauka a kaina, ya ga yadda na koma. Goggo ce ta gaya masa abin da aka karanta. Ban taɓa ganin Baffa ya fusata da Kawu ba sai ran nan.

"Kitso? Malam, kitso a cikin ƙashi? Wa ya shiga ya yi mata shi?"

Wata ta kece da dariya, wasu suka bi. Ni kuwa na zauna a kan turmin. Amma Goggo ba ta saba faɗuwa a magana ba. Ta gyara zama ta ce, "To shi kitsen daga ina? Ba man shanun da ake ɗura mata a ka duk Juma'a biyu ba ne ya tsuma ya shige?" Sanyin da ya fara sauka a ƙirjina ya tsaya cak. Rawaya, in ji Baffa, launin man shanu ke nan. Ƙoƙon na nan a ɗakina.

Baffa ya ce shi ma sai da ya yi wannan tambayar, don shi ma da man shanu ya girma. Likita ya yi dariya ya ce ko tulu guda aka juye mata ba zai ratsa fata da ƙashi ba. Ba daga abin da ta shafa ba ne, ba daga abin da ta ci ba ne, naman ƙarin ne da kansa ya juye ya zama kitse, kuma ba wanda ya san dalili. Goggo ta ce to Allah Ya kyauta, ta tashi ta duba tukunya.

Ya kamata a ce a nan tsorona ya ƙare. Mata sun dawo da kansu, har da masu tsefewar nan, suna cewa su da ma ba su yarda ba. Na ce musu hannuna na ciwo. Gaskiyar ita ce maganar Baffa ta cire mini ƙaya ɗaya ta bar ɗaya. Ƙashin ya yi tudu, in ji shi, kuma da likitan ya shafa ya ji tudun nan take ya san inda zai nema. Ni na ji shi tun rani. Da na faɗa, da an tafi kafin ta fara faɗuwa, da ƙila hannun nan bai lanƙwashe ba. Duk sanda na ga Inna tana ƙoƙarin ɗaura zani da hannu ɗaya sai in bar wurin.

Sai da aka kai wata biyar a haka. Wata Juma'a da hantsi ina tankaɗe na ji sallamarta. Ta gaisa da uwar mijina, ta taho tana jan ƙafa, da ɗan ƙoƙo a hannun dama. Ta zauna a gabana ta juya baya, ta zame ɗankwali. Gashin ya tsiro bai fi tsawon yatsa ba, rabi ya yi fari. Ta cikinsa ina ganin tabon, ya zaga kamar kofaton doki.

"Ba zan iya ba," na ce.

Ba ta juyo ba. Ta miƙo hannu baya ta lalubo nawa ta ɗora a wurin. Tudun babu. Sai wani ɗan kwari, da gefen ƙashi a ƙarƙashin fata, da ɗumi. Na ji jijiya na bugawa, ban san ko tata ce ko tawa ba. Sai kawai maganar ta fito, bayan kanta nake yi wa, don da fuska ce da ban iya ba.

"Inna, na ji shi tun rani. Kafin ciwon kai. Na ji shi na rufe da gashi, ban faɗa ba."

Kaji na ta tsattsagar tsakin da na zubar.

"Na sani," ta ce. "Duk kika zo wurin sai hannunki ya yi sanyi, ki kewaye. Ni na riga ki jin sa, tun da kaka. Na ga kin tsorata, na ce in na yi magana za ki ce ke kika jawo."

Hawaye ya hana ni ganin tsagar. Na sa yatsa a man na fara shafawa, ina kama gashin sama sama kamar mai taɓa ƙwai. Ta haƙura da layi ɗaya, ta haƙura da na biyu. A na uku ta ɗaga kafaɗa ta ture hannuna.

"Ke," ta ce, "kama da kyau. An fasa kan nan da zarto bai kashe ni ba."

Na kama.